Wa Zai Sayar Wa Baƙo Tikitin Jirgin Ƙasa?

Tun a shekarar 1930, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka kammala shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, ƙasar Gumel ta samu tasharta a Gagarawa. Domin kwasar gyaɗa da fatu aka yi layin, amma jama'a suka mayar da shi hanyarsu ta zuwa birni. A wancan zamani duk wanda ya iso tasha da kuɗinsa yakan miƙa su ta taga ne a ba shi ɗan guntun kwali, ba a tambayarsa ko daga Ɗanzomo ya taso ko daga Damagaram. Layin ya tsufa, jirginsa ya daɗe yana fama tsakanin aiki da tsayawa, hankalin hukuma kuma ya koma kan sababbin layuka masu faɗi. Tare da sababbin layukan nan wata sabuwar hanyar sayar da tikiti ta shigo, kuma a ganina an gina ta ba tare da an tuna da baƙo ba.

Duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis ya san irin baƙon da nake nufi. Shi ne bafataken da ya koro shanu ko raƙuma daga Dungas ko Magarya, da ɗalibin da ya tsallako zuwa karatu a Kano ko Zariya, da dattijuwar da 'ya'yanta suka ɗauko domin ganin likita. Harshenmu ɗaya da su, auratayya ta haɗa gidajenmu, wasunsu ma tazarar ƙauyensu da Maigatari ba ta kai ta Gumel ba. Amma a takarda 'yan wata ƙasa ne, kuma na'urar sayar da tikiti takarda kaɗai ta sani.

A watan Janairun 2021 aka fara sayar da tikitin jirgin Abuja zuwa Kaduna ta intanet, domin a karya lagon 'yan cuwa-cuwa da ke saye tikiti su ɓoye su sayar da tsada. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, da aka dawo da zirga-zirga a watan Disambar wannan shekara, sai aka shardanta gabatar da lambar NIN kafin a sayar wa mutum tikiti. Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikin matakan biyu. Wanda ya ga abin da ya faru a wannan dare ba zai yi gardama da hukumar da ta ce tana son sanin sunan duk wanda ke cikin tarago ba. Sai dai lambar NIN ta 'yan ƙasa ce da baƙin da suka samu izinin zama. Mutumin Dungas da ya shigo na kwana huɗu ba ya cikinsu. Yawanci kuma ba shi da asusu a bankin Najeriya, balle katin da zai biya da shi a manhaja. Kuɗinsa na cikin aljihu, rabi sefa rabi naira.

Za a iya cewa Abuja da Kaduna sun yi nisa da mu. A yanzu haka ne. Amma ana kan aikin layin Kano zuwa Kaduna, ga kuma layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke gina shi. Gaskiya ne bai biyo ta Gumel ba, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya bi, abin da har yau wasu mutanenmu ke gunaguni a kansa. Duk da haka, ranar da aka haɗa waɗannan layuka, wanda ya shigo ta Maigatari zai hau mota zuwa Kano ya nemi jirgin Abuja. Shi kuwa jirgin Maraɗi, tun daga tasharsa ta farko zai cika da mutanen da ba su da NIN. Ban ga yadda za a kai dogo har cikin ƙasar maƙwabci a kuma ce sai mai lambar ɗan Najeriya ne zai hau ba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan matsala, kuma sun warware ta ne saboda sun ɗauki baƙo a matsayin ciniki. A Turai, tun 1959 ake sayar da tikitin Eurail, wanda aka ware wa mutanen da ba mazauna nahiyar ba, mutum ya biya sau ɗaya ya yi ta hawa jirage a ƙasashe daban-daban har wa'adinsa ya cika. Japan ta ɓullo da nata a 1981, ba a kuma ba da shi sai ga wanda ya nuna fasfo mai hatimin ɗan ziyara. A watan Oktoban 2023 aka ɗaga farashin na kwana bakwai daga yen 29,650 zuwa yen 50,000, har ta kai matafiya na zama su yi lissafi kafin su saya, domin wanda zai je gari biyu kawai ya dawo, tikitin ɗaiɗai ya fi masa sauƙi.

Irin wannan tikiti na yawon ƙasa ba shi ne buƙatarmu ba. Layukanmu ba su da yawan da za a ce mutum ya yi mako yana zagaya su, kuma baƙonmu ba ɗan yawon buɗe ido ba ne. Hanya ɗaya yake bi, ya je ya dawo, wataƙila sau biyu a wata. Abin da ya dace da shi shi ne nau'i na biyu, wato katin da ake zuba wa kuɗi tun kafin tafiya, a riƙa cirewa duk lokacin da aka ɗora shi a kan na'urar ƙofa. Hong Kong ta fara nata mai suna Octopus a 1997, Tokyo ta fito da Suica a 2001, Landan ta biyo da Oyster a 2003. Lokacin da wani taron ilimi ya kai ni Landan, a tashar farko na sayi Oyster da kuɗin hannu, ba wanda ya tambaye ni asusun banki ko adireshin gida, kuma da shi na yi ta zirga-zirga har na baro garin. Dole ce ma ta sa a tanadar wa baƙo irin wannan kati, tunda motocin bas na birnin sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014. A nan gida, Legas tana da katin Cowry da ake hawa motocin BRT da shi, da jirgin cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumbar 2023. Ashe dai fasahar ba baƙuwa ba ce a Najeriya.

Akwai wani abu da bai kamata mu kwaikwaya ba. Katin Suica na musamman da Japan ke sayar wa baƙi yana mutuwa bayan kwana 28, kuma ba a mayar wa mutum ragowar kuɗin da ke ciki. Wannan ya dace da wanda ya zo sau ɗaya a rayuwarsa. Bafataken da ke dawowa duk kaka da duk gabanin Babbar Salla, katin da zai yi shekaru a aljihunsa yake so, wanda kuma in ya gama da shi zai iya karɓar canjinsa a taga.

Saura batun tsaro, wanda shi ne hujja mafi nauyi. Abin da hukuma ke nema shi ne ta san wanda ya hau, kuma NIN hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin sanin haka. Alhazanmu da masu Umara da suka hau jirgin Haramain tsakanin Makka da Madina, wanda aka buɗe a 2018, sun san lambar fasfo ake rubutawa a sayar musu da tikiti. A ƙasar Sin ma fasfon baƙo shi ne shaidarsa a tashar jirgi. Idan an ce galibin maƙwabtanmu ba su da fasfo, to suna da katin ɗan ƙasarsu, wanda da shi suke gabatar da kansu. Ana iya ɗaukar lambarsa da hoton mai shi da zanen yatsansa sau ɗaya, a ofishin shige da fice na Maigatari ko a tashar Kano, a ɗaura su a kan katin jirgi. Idan aka toshe wannan ƙofa, ga abin da nake hasashe: baƙon zai miƙa kuɗi ga wani yaro mai waya a bakin tasha ya saya masa da sunan wani. Ko dai a kama shi a ƙofa ya yi asarar kuɗinsa, ko ya wuce, sunan da ke rajista ya zama daban da mutumin da ke zaune a kujera. Da haka cuwa-cuwar da aka kora ta dawo, sanin fasinjan da aka nema kuma bai samu ba.

Siyasa ma ta ƙara dagula lissafin. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta bai wa ɗan Nijar damar shigowa ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar ta fice daga ƙungiyar a ƙarshen Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu masu tambarinta har zuwa wani lokaci. Mu da muka ga an rufe iyakar Maigatari a 2019 aka buɗe a Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, mun san yadda irin wannan sassauci ke iya gushewa dare ɗaya. Saboda haka takardar da za a karɓa a tagar tikiti, a rubuta ta ƙarara cikin yarjejeniyar jirgin tsakanin ƙasashen biyu, kada a bar ta ga ra'ayin ma'aikacin da ke bakin aiki a ranar.

Sai kuma ƙananan abubuwa da ke hana ruwa gudu. Mutumin Nijar da dala yake ƙirga, sefa biyar ke nan, jikarsa kuma sefa dubu ce, alhali a bakin dattijon Gumel jaka naira ɗari biyu ce. Allon farashi da aka rubuta da Ingilishi kaɗai ba zai yi wa ko ɗayansu amfani ba. A rubuta da Hausa da Faransanci, a kuma bar 'yan canji da masu POS na kasuwar Maigatari su zama wakilan zuba kuɗi a kati, tunda dama su ne bankin baƙo. Katin da aka yi don mutumin Magarya zai kuma yi wa tsohuwar da ke wani ƙauyen Sule Tankarkar aiki, wadda ita ma ba ta da babbar waya ko asusun banki.

Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta tarayya, kuma babbar kasuwar kan iyaka ta jihar Jigawa a cikinta take. Ina roƙon mai wakiltarta da ya gabatar da wannan batu ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da Ma'aikatar Sufuri tun yanzu da ake kan shimfiɗa dogo, ya nemi a faɗa masa a rubuce wace takarda ɗan Nijar zai nuna a tashar Kano, da wane kuɗi zai biya, kuma a wace taga.