Maki ɗaya ya hana Mena zuwa CAN, kuma mun san inda ya faɗi

Duk wanda ya zauna fada lokacin gasar CAN ta Maroko ya ga abin da muka gani: ga shayi bisa wuta, ga tele, ga samari sun rabu. Wannan na Senegal ne, wancan na Super Eagles, wani ya ɗauki Mali ko Burkina don maƙwabtaka. Mu dai kullum ƴan aron riga ne. Tun 2013 Mena ba ta sake taka wannan gasa ba. An yi ta 2015, 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025, shida ke nan a jere, muna kallo daga gida. Yaron da aka haifa shekarar da muka je Afirka ta Kudu yanzu yana kwaleji, bai taɓa jin taken ƙasarsa a CAN ba.

Da an tada zancen sai ka ji ana cewa ai mu ba mu da ƴan wasa, ƙasar kokowa ce. Mu ba mu yarda ba, kuma ga dalilinmu.

Ku tuna yadda muka je CAN ta farko, ta 2012 a Gabon da Ikwatoriyal Gini. An haɗa mu rukuni ɗaya da Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010, ga Afirka ta Kudu, ga Saliyo. Ba wanda ya sa mu a lissafi. Amma a filin Janar Seyni Kountché, Moussa Maazou ya jefa wa Masar ɗaya, aka tashi 1-0. Saliyo ta zo ta sha 3-1. Afirka ta Kudu ta zo ta sha 2-1. Maki tara, dukkansu a Yamai. Wasa ukun da muka yi a waje kuwa duk kashi muka sha, ko maki ɗaya ba mu kawo gida ba. Ranar ƙarshe Masar ta ba mu 3-0, ƴan Afirka ta Kudu suka yi canjaras da Saliyo suna rawa a fili, a zatonsu sun wuce, ashe ba su karanta doka da kyau ba: in maki ya zo ɗaya, sakamakon wasannin da aka yi tsakanin juna ake dubawa. Mu muka wuce, kuma shekarar CAF ta ba Harouna Doula kyautar gwarzon mai horarwa na Afirka. Shekarar da ta biyo haka aka yi da Gini: ta ci mu 1-0 can, muka rama 2-0 a Yamai, muka tafi.

Ma'ana, sau biyun da muka je CAN, Yamai ce ta kai mu. Zafin ranar la'asar da baƙo ba ya jurewa, ganguna, jama'ar da ta cika fili tun azahar. Kowace ƙasa da makaminta, namu ke nan.

To yanzu duba neman gurbin 2025. Muna tare da Angola, Sudan da Gana. Filinmu bai cika sharuɗɗan CAF ba, sai aka riƙa kai wasanninmu na gida ƙasashen mutane. Mun karɓi Gana a Maroko, 1-1. Mun karɓi Angola a Maroko, ta ci mu 1-0. Bayan wasa huɗu maki ɗaya tak gare mu. Sai a watan Nuwamba 2024 yaran Badou Zaki suka farka: Sudan ta sha 4-0 a Lome, sannan suka je har Accra suka doke Gana 2-1. Muka ƙare da maki bakwai, Sudan takwas. Da ko canjaras muka yi da Angola, da mun yi kunnen doki da Sudan, kuma 4-0 ɗin nan ta isa ta wuce da mu. Wa zai ce mana ƙungiyar da ta ci Gana a gidanta ba za ta iya tsare maki ɗaya gaban jama'arta a Yamai ba?

Mun san abin da wasu za su ce, kuma gaskiya ne: ita ma Sudan ba a gida ta buga ba, yaƙi ya kore ta, amma ta wuce. Mun ji. Sai dai su yaƙi ne ya raba su da filinsu. Mu ciyawa ce, da fitilu, da kujeru, da ɗakunan canza kaya. Abin da kuɗi da kulawa ke gyarawa. Kuma duk tafiyar da aka yi da tawaga zuwa Maroko don wasan gida, jirgi da otal da hayar fili, kuɗi ne suka fita, ba su dawo da ko dala ta tikiti ba.

Abu na biyu ya fi mana ciwo, mu na jihohi. Duba manyan ƙungiyoyin ƙasar: AS FAN, AS GNN, AS Douanes, USGN, Sahel, Olympic, duk a Yamai suke, yawancinsu na ma'aikatun gwamnati. Ina Dan Kassawa da Jangorzo na Maradi a yau? Ina Espoir ta Damagaram? Yaro a Tasawa ko Magarya ko Madawa in ya iya ƙwallo, ko dai ya samu mai kai shi Yamai, ko ya tsallaka Najeriya, ko ya kama kabu-kabu. Alhali a watan Fabrairu 2019 Maradi ta karɓi wasannin CAN ta ƴan ƙasa da shekara 20 tare da Yamai. Mun nuna ana iyawa. Bayan baƙi sun tafi, sau nawa Mena ta zo ta buga ko wasan sada zumunta a nan?

Masu cewa mu ƙasar kokowa ce, to mu ɗauki darasi daga kokowar mana. Takobi zagaya jihohi takwas yake yi, kowace jiha da filinta, kowace da ƴan kokowarta goma, kuma kafin a kai nan an fara tacewa tun daga ƙauyuka. Shi ya sa ɗan ƙauye ke zama sarki, shi ya sa duk ƙasa ta san Issaka Issaka na Dosso. Ƙwallo ba ta da wannan tsani. Ko da haka, ƴan wasan gida zalla suka kai kusa da na ƙarshe a gasar CHAN ta Aljeriya a farkon 2023, bayan sun fitar da Gana 2-0. Aljeriya ta ba mu 5-0 daga nan, ba mu manta ba, amma an je.

Tun 2019 ƙasashe 24 ke zuwa CAN. Komoros ta je, Gambiya ta kai kwata fainal a zuwanta na farko, Madagaska ma haka, Muritaniya ta je sau uku a jere. Ba su fi mu son ƙwallo ba.

CAN ta gaba ta 2027 ce, a Kenya, Tanzaniya da Yuganda. Abin da muke so daga FENIFOOT da ma'aikatar wasanni shi ne duk wasan da aka rubuta Nijar ce mai masauki, a ƙasar Nijar za a buga shi. A kuma soma aikin fili na biyu da CAF za ta amince da shi a wajen Yamai, Maradi ko Damagaram, don ranar da aka rufe ɗaya kada mu sake tattara kaya zuwa Maroko. A fito a faɗa wa jama'a a rediyo, da Hausa da Zabarmanci, nawa aikin zai ci da ranar gamawa.