Da Wane Harshe Ake Muhawarar Fasaha a Legas?

Duk ɗalibin da ke zaune a Legas, ko yake leƙa ta lokacin hutu, ya san cewa daga watan Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba birnin kan cika da bukukuwan baje kolin zane-zane da hotuna da sassaƙe-sassaƙe. Kusan kowane baje koli kuwa yana tafe da zaman tattaunawa, inda masu fasahar da masu shirya bikin da malaman jami'a kan zauna su yi muhawara a gaban jama'a. A wannan ɗan rubutu zan yi tsokaci ne a kan waɗannan taruka, musamman harshen da ake gudanar da su a cikinsa, domin a ganina lamarin ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban harshe.

Da farko dai, yabon gwani ya zama dole. A shekarar 2007 marigayiya Bisi Silva ta kafa Cibiyar Fasahar Zamani a unguwar Yaba, ta zuba dubban littattafai a ɗakin karatunta, ta kuma mayar da wurin dandalin lacca da musayar ra'ayi har zuwa rasuwarta a 2019. A 2010 Azu Nwagbogu ya fara bikin hotuna na LagosPhoto. A 2016 Tokini Peterside ta ƙaddamar da kasuwar baje koli ta ART X Lagos, wadda ke da nata jerin tattaunawa. A 2017 kuma aka yi bikin Lagos Biennial na farko a tsohuwar harabar jiragen ƙasa ta Ebute Metta. Waɗannan mutane sun sa masu fasaha daga Dakar da Akara da Landan suna zuwa Legas domin a yi magana da su. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

To, amma ya kai mai karatu, idan ka shiga irin wannan zama, me za ka ji? Turanci za ka ji daga buɗewa har rufewa, kuma Turanci mai nauyi irin na kundin digiri, wanda ko ɗan jami'a sai ya yi da gaske kafin ya bi zaren maganar. Yawancin tarukan kuma a Ikoyi da Victoria Island da Lekki ake yin su, inda mazaunin Agege ko Mushin zai kashe rabin yininsa a cunkoson motoci kafin ya isa. Abin mamaki shi ne, sau da yawa rayuwar mutanen waɗancan unguwanni ce ke rataye a bango. Na taɓa halartar wani zama a wani gidan baje koli inda aka shafe fiye da awa guda ana sharhi a kan hotunan 'yan dako da masu sayar da tumatir da albasa. An yi maganar talauci da ƙaura da mutunci, an tafa, an sha lemo. Babu ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauki hotonsu a ɗakin, kuma da sun zo ma, da ƙyar za su tsinci abin da ake faɗa a kansu. Hausawa kan ce, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A nan kuwa mai waƙar yana bakin ƙofa.

Wani zai ce, ai Legas gari ne na kowa da kowa, Turanci ne kaɗai zai haɗa Bayarabe da Bahaushe da Ibo da baƙon da ya zo daga Faransa. Zai ƙara da cewa masu sayen zane da tsada da Turanci suke ciniki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 2018 an yi gwanjon zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan a kan fam miliyan 1.2, kuma babu mai zanen da zai ƙi irin wannan kasuwa. Ban ce a kori Turanci daga ɗakin taro ba. Abin da nake cewa shi ne, ciniki daban, muhawara daban. Idan manufar zaman ita ce a sayar, to a yi da harshen mai saye. Idan kuwa manufar ita ce al'umma ta dubi kanta ta tattauna, kamar yadda masu shirya tarukan kan faɗa, to dole a yi da harshen da al'ummar ke tunani da shi, ko da rabin lokacin ne.

Hujja ta biyu da akan kawo ita ce wai harsunanmu ba su da kalmomin sharhin fasaha. Wannan magana ce ta wanda bai zauna da masu sana'a ba. Ni Yarbanci na sha a nono, Hausa kuwa a aji da kasuwa na koye ta, kuma a duka biyun na tarar da taska. Farfesa Rowland Abiodun ya wallafa littafi guda a 2014 domin ya nuna cewa ba a fahimtar sassaƙar Yarbawa sai ta hanyar kalmomin Yarbawa da kirarinsu. A Hausa ma, je ka wurin mai ɗinkin babbar riga ka ji yadda yake bambanta aska biyu da aska takwas, ko ka tsaya a marina ka ji yadda ake zancen baba da shuni, da rinin da ya kama da wanda bai kama ba. Magini mai yi wa bangon soro ado ya san inda dagi ya zauna daidai da inda ya karkace. Duk wannan sharhi ne, kuma ya girmi kowane gidan baje koli da ke Legas. Kalmomin da babu su kuwa ƙirƙirarsu ake yi. Sashen Hausa na BBC yana watsa labarai tun 1957, kuma shi da sauran gidajen rediyo sun sa manomi a ƙauye yana zancen kasafin kuɗi da ƙuri'ar raba gardama ba tare da ya ari bakin kowa ba. Harshen da ya iya ɗaukar tattalin arziki ba zai gaza ɗaukar zane ba.

Tarihin fasahar Nijeriya kansa yana goyon bayan wannan ra'ayi. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ƙi yarda a ce salon Turawa kaɗai ne zane, suka dage a kan a gwama abin da aka koya a aji da abin da aka gada a gida. Haka Okeke ya koma wa zanen uli na Ibo. A Oshogbo kuma, a 1962, Duro Ladipo ya buɗe dandalin Mbari Mbayo, inda ake wasan kwaikwayo da Yarbanci, jama'ar gari suna kallo suna tofa albarkacin bakinsu. Tambayar da waɗancan magabata suka yi game da salo, ita ce ya kamata mu yi yau game da harshe. Hannu ya sami 'yanci tun tuni, saura baki.

Mece ce mafita? Ga masu shirya taruka, ina ba da shawara a keɓe aƙalla zama ɗaya a kowane biki da za a yi da Yarbanci ko Hausa ko Ibo ko Turancin buroka, a sa tafinta domin baƙi. Majalisar dokokin jihar Legas tana yin zamanta na ranar Alhamis da Yarbanci, kuma aikinta bai tsaya ba. Haka nan a riƙa fitar da wasu tarukan zuwa inda mutane suke. Wanda ya ɗauki hoton 'yan kasuwar Mile 12 ya koma can ya nuna musu, ya saurari abin da za su ce, ko da ba zai yi masa daɗi ba. Bayanin da ake liƙawa kusa da kowane zane ma a rubuta shi da harshe biyu.

Sai dai babban nauyin a wuyanmu yake. Mu ne muke kukan cewa mai digirin Hausa ba shi da abin yi sai koyarwa, alhali ga fage nan a buɗe babu kowa a cikinsa. Wa zai yi tafintan da nake kira a sa, idan ba mu ba? Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai mu riƙa halartar waɗannan taruka, domin da yawansu kyauta ake shiga. Mu tafi da littafi da biro, mu rubuta kalmomin da suka gagare mu fassara, mu kawo su aji a tattauna da malamai. Masu neman batun kundin kammala karatu su je Agege da Idi-Araba su tattara kalmomin masu ɗinkin hula da dukawa da maƙera. Wannan mujalla tamu kuma ta buɗe shafi guda na sharhin baje koli da Hausa, ko da sau ɗaya ne a zango. Sharhinmu na farko zai yi tsami, amma da koyo akan iya.

Daga ƙarshe, ina tunatar da mu cewa harshe yana ƙanƙancewa ne a duk lokacin da aka ce wani batu ya fi ƙarfinsa. Yau an ce fasahar zamani, gobe za a ce kimiyya, jibi shari'a, har a wayi gari ba a amfani da shi sai a gaisuwa da cinikin kasuwa. Masu fasahar Legas sun gina ɗakunan taro, sun jera kujeru. Ya rage namu mu shiga mu zauna, mu ɗaga hannu, mu yi tambaya da harshen da muke karanta.