Lambar shaida ga jirage marasa matuƙa: wa za ta kare a N'Djamena, wa kuma za ta tona wa asiri?

A daren 24 ga Maris 2025, mayaƙa masu iƙirarin jihadi sun afka wa sansanin sojojin Kamaru a Wulgo, cikin jihar Borno, dab da Tafkin Chadi, suka kashe fiye da goma. Rahotanni sun ce maharan sun yi amfani da jirage marasa matuƙa da aka ɗaura wa abubuwan fashewa. Watanni uku kafin nan an ga irin wannan salo a Wajiroko, shi ma a Borno. Ba wasu manyan jiragen yaƙi ba ne. Dangin waɗanda ake sayarwa a kanti ne, irin wanda mai ɗaukar hoton biki ke tayarwa a kan tawagar amarya.

Tun daga lokacin, duk jami'in tsaron da ya ji ƙugi a samansa a wannan yanki yana da dalilin ɗaga kai da fargaba. A N'Djamena abin ya fi tsanani saboda yadda garin yake zaune. Filin jirgin sama na Hassan Djamous yana cikin gari, sansanin sojan sama na Adji Kosseï da Faransa ta miƙa a ƙarshen Janairun 2025 yana manne da shi, fadar shugaban ƙasa tana bakin kogin Chari, Kousseri ta Kamaru kuma tana tsallake ana hango ta. Ƙaramin jirgin da aka tayar a can zai shigo sararin Chadi cikin 'yan mintoci, babu ruwansa da gadar Ngueli balle 'yan duwan.

Tambayar da soja ko jandarma ke yi a irin wannan hali ɗaya ce: na wane ne? Ƙasashen da suka riga mu fama da ita sun amsa da abin da za mu iya kira shaida daga nesa. A taƙaice lambar mota ce, sai dai ba a rubuce take a jiki ba. Muddin jirgin yana sama, yana watsa saƙo ta Wi-Fi ko Bluetooth mai ɗauke da lambarsa, inda yake, tsayin da ya kai, gudunsa, da kuma inda mai sarrafa shi yake tsaye. Wayar salula mai manhajar da ta dace tana iya kama saƙon daga 'yan ɗaruruwan mitoci, wani lokaci fiye. Tsohon jirgin da ba a ƙera da wannan ba ana maƙala masa wata 'yar na'ura ta yi aikin.

Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da dokarta a Janairun 2021, amma sai daga 16 ga Maris 2024 ta fara matsawa sosai. Tarayyar Turai ta wajabta tata daga 1 ga Janairun 2024. Faransa ta riga su, tun 2020 take buƙatar irin wannan saƙo daga jiragen da suka kai giram 800. Japan ta sa iyakarta a giram 100 a Yunin 2022. Amurka kuwa ta ƙyale 'yan wasa masu jirgin da bai kai giram 250 ba, kuma ba banza ba kamfanin DJI na China ke ƙera ƙananan jiragensa da nauyin giram 249. Wannan bambancin awo ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin jiragen da matasanmu ke iya saye suna cikin wannan rukuni mara nauyi. Duk wanda ya kwafo dokar Faransa ko ta Amurka baki ɗaya zai tarar ya yi shinge, akuya kuma ta bi ta ƙarƙashi.

Ya kamata a faɗi gaskiya tun da wuri: shaida daga nesa ba za ta hana ISWAP kai hari ba. Wanda ya ɗaura bam a jirgi ba zai je rajista ba. Jirgin da aka harhaɗa da hannu ba ya watsa komai, saƙon ma ana iya ƙirƙirar na bogi da na'ura mai araha. Amfaninta a wani wuri yake. Idan jirage goma suna sama, tara sun faɗi sunansu, jami'i ya san wanda zai sa wa ido. Waɗancan tara kuma sun tsira daga zargi.

Su ne abin duba a nan. Mai ɗaukar hoton biki da suna, mai auna filaye, ma'aikacin agaji da ke son ganin inda ruwa ya karya jinga a Walia ko Toukra. Ambaliyar 2024 ta kashe sama da mutum 500 a Chadi, ta shafi kusan miliyan biyu, kuma a irin wannan lokaci hoto daga sama ya fi rahoton baki. A Kaduna kamfanin Zipline yana kai magunguna da jini asibitocin karkara da jirage marasa matuƙa tun 2022. Inda babu hanyar rarrabe mai gaskiya da mai mugun nufi, abin da ya fi wa hukuma sauƙi shi ne ta hana kowa, ko ta bar hukunci a hannun wanda ke tsaye a shinge. Bahaushen da ke zaune a ƙasar da yake tsiraru, mai sunan da ake ji a Kano da Diffa da Maroua, ya san yadda irin wannan hukuncin kan ƙare: a ƙwace kaya, a kwana ana tambayoyi, sai 'yan uwa sun bi sawu.

Sai dai lamba ba ta da amfani idan babu kundin da za a duba ta a ciki, kuma nan ne iyaka ke shigowa. A Chadi hukumar ADAC ke kula da sufurin jiragen farar hula. A Najeriya, tun Mayun 2016 hukumar NCAA ta ce ba a tayar da irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kamaru da Nijar kowace da tata hukumar da nata takardun. Chadi da Kamaru da Nijar suna cikin ASECNA mai lura da zirga-zirgar sama, Najeriya ba ta ciki. Matashin da ya sayi jirgi a Kano, ya yi aiki da shi a Kousseri ranar Asabar, ya tsallako N'Djamena ranar Lahadi, ya ratsa hukumomi uku ke nan, kuma takardar ɗaya ba lalle ba ne ta yi magana a gaban ɗaya.

Abin mamaki, kujerun da za a zauna a warware wannan duk suna N'Djamena. Nan ne mazaunin Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, nan ne hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta yankin, nan ne kuma ASSA-AC, hukumar CEMAC mai sa ido kan amincin sufurin sama. Ba a buƙatar ƙirƙiro sabuwar fasaha, domin ma'aunin ASTM F3411 da Amurka ta dogara da shi yana nan, na Turai ma ya yi kama da shi, masana'antu kuma sun riga sun bi. Abin da ya rage na siyasa ne: awo ɗaya na nauyi, tsarin lamba ɗaya, da yarda cewa rajistar Kamaru za ta karantu a Chadi. Ficewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwa a Maris 2025 ta nuna cewa yardar ba ta da yawa a kasuwa yanzu. Ko da haka, yarjejeniya tsakanin N'Djamena da Yaoundé kaɗai za ta sauƙaƙa wa dubban mutanen da ke tsallaka Ngueli.

Akwai kuma ɓangaren da masu tallar tsarin ba su cika ambata ba. Saƙon yana faɗin inda mai jirgin yake tsaye, kuma kowa na iya kamawa. A Maris 2022 mataimakin firaministan Ukraine, Mykhailo Fedorov, ya zargi Rasha da amfani da na'urar AeroScope ta DJI wajen gano masu sarrafa jirage domin kai musu hari. A 2023 masu bincike a jami'ar Bochum ta Jamus sun nuna cewa saƙon da jiragen DJI ke fitarwa ba a kulle yake ba. A Paris wannan maganar sirrin mutum ce. A yankin tafki, ko ga ɗan jaridar da ke ɗaukar hoton rusau ko zanga-zanga, maganar rai ce. A ganina duk dokar da za a rubuta a nan dole ta raba biyu: lambar jirgi kowa ya gani, amma sunan mai shi da adireshinsa su tsaya a hannun ADAC, a fitar da su bisa ƙa'idar da aka rubuta, a kuma ajiye sunan jami'in da ya nema.

Sai kuɗi da nisa. Idan rajista ta zama sai mutum ya zo N'Djamena da kansa daga Bol ko Abéché, ya biya abin da ya kusa kuɗin jirgin, to masu gaskiyar ma za su ɓoye nasu, kundin ya tashi fanko. Rajista ta waya, da Faransanci da Larabci, da kuɗin da mai ɗaukar hoton biki zai iya fitarwa daga aikin mako guda, ita ce za ta cika shi. Jiragen da suka riga suka shigo ta Dubai da Douala da Kano kuma suna buƙatar wa'adin da masu su za su kawo su a yi musu lamba ba tare da an tambaye su takardar duwan ta shekarun baya ba.