Karen gadi ma yana bukatar allura

Yawancinmu muna ajiye kare don gadi ko farauta, amma ba ma yarda ya matso kusa da tabarma, balle a kai shi asibitin dabbobi. To, ƙyamar da muke masa ba ta hana shi cizon ɗan maƙwabci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare, wadda ake ɗauka ta irin wannan cizo, na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, sai dai a yi ta addu'a. Allurar riga-kafin karnuka kuwa ba daga nesa take ba, a Vom ta Jihar Filato ma ana haɗa ta. A Amurka an yi ta gardamar ko allura ɗaya ta isa shekara uku. Wannan zancen masu kare a ɗaure ne. Namu da ke kwana a bola suna cakuɗuwa da na daji, a fara yi musu allurar suna wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Kyanwar da ke hawa gadon yara ita ma kada a bar ta. Malam mai kare, idan ba za ka iya biyan kuɗin allura ba, kada ka ajiye shi.