Wasiƙa Zuwa Ga Masu Jeranta Gwanayen Besbol

Ya ku marubuta labarin wasanni,

Na ga kun ɗauki al'adar jeranta gwanayen shotstof, wato mai tsaron tazarar da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku, kuma ba na inkarin cewa Honus Wagner na Pittsburgh, wanda ya zama zakaran bugu na National League har sau 8, ya kuma shiga sahun mutum 5 na farko da aka sa a zauren girmamawa a 1936, ya cancanci shugabancin sahu. Roƙona gare ku shi ne ku daidaita mizani, domin wanda ya dogara da ƙididdigar bugu kaɗai, tamkar alƙali ne da ya yanke hukunci bisa shaida guda.

Asalin aikin wannan gurbi tsaro ne. Ƙwallo za ta taho a fusace tana tsalle a ƙasa, mutum ya zube ya cafe ta, ya miƙe tun ƙafarsa ba ta kafu ba, ya wurga ta tasha ta farko kafin mai gudu ya taka. Duk wanda ya kalli Ozzie Smith yana wannan ya san dalilin ba shi lambar Safar Zinare sau 13 a jere, daga 1980 zuwa 1992. Ku ambaci bugu 3,465 na Derek Jeter da girmamawa, amma kada ku ɓoye cewa masana lissafin tsaro sun daɗe suna ganin gazawarsa wajen cim ma ƙwallon da ta yi nisa da shi.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne sha'anin John Henry Lloyd, wanda mutanen zamaninsa suka kamanta shi da Wagner, amma zaluncin wariyar launin fata, da bai fara rushewa ba sai 1947, ya tsare shi a ƙungiyoyin baƙaƙen Amurka da filayen Kyuba, har ya rasu a 1964, ba a sa shi a zauren girmamawa ba sai 1977. Ƙarancin alƙalumansa laifin waɗanda suka rufe masa ƙofa ne, kuma haramun ne a mayar da shi hujja a kansa. Kafin ku sake tsara wani jeri, ku nemi tsofaffin bugun Chicago Defender da Pittsburgh Courier, ku karanta abin da suka rubuta a kansa da kan takwaransa a wannan gurbi, Willie Wells, sa'an nan ku ɗauki alƙalami.

Wassalam.