SHARHI: Mai Ƙaramin Jari Da Sana'ar Su, A Fara Daga Ƙugiya

Duk wanda ke shiga kasuwa a Legas, Ibadan, Anacha ko Fatakwal ya san cewa kifin ƙanƙara, wanda a da shi ne naman talaka, yanzu ya fi ƙarfin tukunyar gidaje da yawa. Dalili kuwa a fili yake. Daga ƙasashen waje ake shigo da wannan kifi da kuɗin musaya, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Alƙaluman da hukumomi suka sha bayarwa sun nuna cewa ƙasar nan tana bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da ake samu a cikin gida bai wuce tan miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Mafi yawan wannan da ake samu kuwa ƙananan masunta ne ke kamo shi, a gaɓar teku da koguna da tafkuna da madatsun ruwa.

Wannan giɓi shi ya sa samari da dama suka fara waiwayar sana'ar su, har da waɗanda ba su gaje ta ba. Da wuya a sami ɗan kasuwa mai rufin asiri wanda wani ƙane ko yaron shago bai zo masa da maganar a ba shi jari ya shiga ruwa ba. Kusan kullum kuma lissafin da ake kawowa iri ɗaya ne: jirgi, inji da babban taru. A ganinmu wannan lissafi a juye yake. Mai ƙaramin jari ya kamata ya fara da koyo, ya bi da kayan da ko sun salwanta ba za su karya shi ba, sa'an nan ya gina banda. Jirgi da inji su ne na ƙarshe, kuma ribar sana'ar ce ya kamata ta saye su.

Maganar koyo ita ce ta farko, domin ruwa ba ya karɓar kuɗi a madadin sani. Sarkawa da Kabawa da Nufawa da Jukunawa da suka shahara a wannan sana'a tun suna yara suke koyon inda kifi ke kwanciya da lokacin da yake fita kiwo. Sun san cewa da damina, in ruwa ya malala cikin fadama, kifi na bazuwa cikin ciyawa ya zuba ƙwai, in kuma ruwa ya fara janyewa da kaka sai ya taru a ƙananan wurare, kamu ya yi sauƙi. Sun san tarwaɗa ta fi cin ƙugiya da dare a ruwa mai laka, karfasa kuma tana son bakin gaɓa inda rana ke dukan ruwa. Baƙon da ya zo da kuɗinsa kawai, sai ya shekara yana ciyar da ruwa kafin ruwa ya ciyar da shi. Saboda haka shawararmu ita ce sabon shiga ya nemi babban masunci ya bi shi, ya riƙe masa filafili, ya taya shi ɗinkin raga da kwasar kifi, har ya ga damina ɗaya da rani ɗaya. A wannan lokaci ba ya kashe komai sai ƙarfinsa, kuma bisa al'adar masunta ba a hana mataimaki rabonsa.

Akwai kuma wani amfanin bin babba wanda 'yan kasuwa za su fi kowa ganewa. Babu ruwan da ba shi da mai shi. A Arewa akwai sarkin ruwa, a ƙasar Yarbawa da sauran sassan Kudu akwai masu gari da ƙungiyoyin masunta, ga kuma ma'aikatun gona na jihohi masu ba da lasisi. Wanda ya sauka a bakin madatsar Asejire ko ta Ikere a jihar Oyo, ko a mahaɗar Kwara da Binuwai a Lakwaja, ya jefa raga ba tare da ya gai da masu wurin ba, to, ya sayi rigima da kuɗinsa. Wanda kuwa ya shiga ta hannun wanda aka sani, ya sami mai tsaya masa ranar da aka yi saɓani.

Na biyu shi ne kayan aiki. Mafi arha a cikinsu fatsa ce: sanda, zare, ƙugiya da tana, tanar ma haƙo ta ake yi a bakin ruwa. Fatsa ba za ta cika kwando ba, amma tana koya wa mutum haƙuri da halin kifi, tana kuma sa miya a gida. Daga nan sai doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, wadda ake ɗana wa abinci da yamma a duba da asuba. Sai kuma gura da sauran tarkuna, waɗanda ake haɗawa da 'yan itatuwa da guntun raga, a zuba dusa a ciki, a ajiye a ruwa marar zurfi. Wanda hannunsa ya faɗa yana iya ƙarawa da birgi, wato ragar jifa, wadda ake aiki da ita a tsaye daga gaɓa. Duk waɗannan ba sa bukatar jirgi, ba sa shan mai, kuma in ɓarawo ko ambaliya ta tafi da wasu, saura na nan. In bukatar shiga tsakiyar ruwa ta taso, ana iya hayar kwale-kwale ko a yi tarayya da mai shi a raba kamu.

Game da inji kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lissafinsa ya sauya gaba ɗaya. Mai inji yana fita da bashin mai a wuyansa tun kafin ya kama ko ɗan tsage guda, kuma ranar da ruwa ya hana, hasara biyu ya yi. Mai filafili in bai samu ba, gajiya kawai ya kwasa. Babban taru shi ma yana bukatar mutane da yawa masu ja, kowannensu kuma da rabonsa. Wanda ya zuba dukan jarinsa a waɗannan tun ranar farko ya ɗaure kansa da kashe kuɗi na kullum a kan samu na sa'a.

Na uku, kuma a nan ne muke ganin ribar take, shi ne banda. A zafin ƙasarmu ɗanyen kifi ba ya wuce 'yan sa'o'i sai ya fara juyawa. Masuncin da ya fito da kamunsa ba shi da wuta ba shi da ƙanƙara, dole ya sayar a kan farashin da mai saye ya yanka, domin mai saye ya san ba zai iya komawa da shi gida ba. Amma wanda ke da banda yana iya cewa albarka. Kifin da ya sha hayaƙi sosai yana rage fiye da rabin nauyinsa, amma yana yin makonni, yana kuma jure tafiya. Da haka ne bandar Baga da ta Yawuri suka yi suna har kasuwannin Anacha da Legas. Gina banda kuwa ba ya cin kuɗi: jar ƙasa ce ko rabin ganga, da ragar waya. Akwai ma samfurin da aka ƙirƙiro a Chorkor ta ƙasar Ghana, inda ake jera farantan katako masu ragar waya bisa murhun ƙasa guda, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka, itace ya yi auki. Abin da za mu ja kunne a kai shi ne mugun halin nan na fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa. Wannan cutar da jama'a ne, kuma ranar da aka gane, kasuwar mutum ta mutu.

Ko shakka babu akwai masu cewa kiwon kifi a kududdufi ya fi su tabbas. Gaskiya ne mai kiwo ya san adadin abin da ya zuba. Amma abincin kifi kaɗai yana cinye fiye da rabin kuɗin da ake kashewa, kuma sai an yi watanni ana zubawa kafin a ga kwabo. Wannan hanya ta mai dogon numfashi ce. Wasu kuma na cewa ruwayenmu sun riga sun gaji, ƙarin masunta ƙarin matsala ne. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ragu ƙwarai, rashin tsaro kuma ya tarwatsa masuntansa da yawa zuwa wasu ruwaye. A tafkin Kainji, wanda aka samu bayan kammala madatsar a 1968, sai da hukuma ta hana jan dala saboda yadda take kwashe 'ya'yan kifi. Amma abin da ke kashe ruwa shi ne irin kamun da ake yi: raga mai ƙananan idanu, gidan sauro da aka mayar abin su, guba irin su Gamalin 20, da nakiya. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abubuwan fashewa da lantarki, ta kuma ƙayyade idon raga a kan milimita 76, wato inci uku, in ban da wasu keɓantattun kayan. Mai ƙugiya da gura, wanda ke mayar da ƙananan kifi ruwa, yana cikin masu sauƙin ɓarna. Ɗan kifin da aka saki bana shi ne na sayarwa baɗi.

A cikin ɗan jarin nan kuma tilas a ware kuɗin rigar kariya, kuma kada wanda bai iya iyo ba ya taka kwale-kwale. Mai yawan tsayuwa a ruwa ya riƙa zuwa asibiti ana duba shi saboda tsargiya. Rai ya fi kamu.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan kasuwarmu da ake zuwa neman jari wurinsu da su daina ɗayan biyun nan da aka saba: ko su kori yaro, ko su danƙa masa kuɗin jirgi a rana ɗaya don a rabu. Gara a raba taimakon kashi uku, a ba da na ƙugiya da gura bayan ya gama koyo, na banda bayan ya fara kamu, na jirgi kuwa sai ya nuna littafin cinikinsa na shekara. Wanda kuma ya ba da jari kada ya ɗaure masunci da sharaɗin sai shi kaɗai za a sayar wa a kan farashin da ya ga dama, domin irin wannan bashi shi ya hana masunta da yawa ɗagawa. Haka nan muna kira ga Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa, da ma'aikatun gona na jihohi, da su riƙa kai horo bakin ruwa cikin harshen da masunta ke ji. Kasuwar kifi a buɗe take, masu saye kuma suna jira. Wanda ya shigo da ƙugiya ya san ruwa, in Allah ya yarda zai kai ga jirgi, domin Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.