Tsoka ma rumbu ce: kada a zaunar da tsofaffi masu ciwon sukari

 

Maganarmu ta yau kan tsofaffinmu ce masu ciwon sukari. A gidaje da yawa, da zarar likita ya ce Inna tana da sukari, sai kowa ya tashi: "Inna ki zauna, ki huta." A karɓe tsintsiya, a karɓe taɓarya, buta ma jika ce za ta ɗaukar mata. Ladabi ne, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Amma tsohuwar da ta wuni kan tabarma, bayan ƴan watanni sai ka ga tashi ma sai an kama ta, sukarin kuma bai sauka ba. Hutun da ya yi yawa yana ƙara wa ciwon ƙarfi ne, ga dalili.

Tuwo da fura da shinkafa, duk suna komawa sukari cikin jini. Mafi yawan wannan sukari tsokar jiki ce ke kwashe shi bayan an ci abinci, ta ƙone wani, ta ajiye wani. Wato tsoka rumbu ce, insulin kuma shi ke buɗe ƙofar. A ciwon sukari irin na manya, ƙofar ce ba ta buɗuwa da kyau, sai sukarin ya yi ta yawo cikin jini yana ɓata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. To amma idan tsoka tana aiki, tana jan sukari da kanta ko insulin bai wadata ba, kuma har kwana ɗaya ko biyu bayan aikin tana ƙara jin maganar insulin. Sai dai tsoka tana raguwa da shekaru. Tun bayan shekara 30 take fara zubewa kaɗan-kaɗan, bayan 60 abin ya ƙara sauri, ciwon sukari da zama wuri ɗaya kuma su ƙara tura ta. In rumbu ya ƙanƙance, ina hatsi zai shiga?

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, a shawarwarinta na 2020 ta ce manya su samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, kamar tafiya da ɗan sauri, sannan su yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a sati. Masu shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa da abin da ke ƙara musu tsayuwa da ƙafafunsu don gudun faɗuwa. Tafiya zuwa kasuwa ko gidan suna tana da amfani, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Tsoka sai ta ja wani nauyi ko ta tura shi sannan take ƙaruwa.

Ba a bukatar kayan turawa. Ga abu biyar da ake yi cikin gida, minti 15 zuwa 20 sun isa:

Na ɗaya, tashi-zauna. A samu kujera mai tsayi mai ƙarfi, a jingina ta da bango, ban da ƴar ƙaramar kujerar tsakar gida. A tashi tsaye, a koma a zauna a hankali, kada a faɗa kai. Wadda ta kasa ta dafa gwiwa ko hannun kujera da farko. Wannan shi ne uwar sauran, don cinya ce babban rumbu.

Na biyu, tura bango. A tsaya taku ɗaya daga bango, a ɗora tafin hannu biyu daidai kafaɗa, a lanƙwasa hannu har fuska ta kusa bango, a turo baya.

Na uku, ɗaga diddige. A dafa bango, a tsaya kan yatsun ƙafa, a sauko a hankali. Daga nan, hannu na dafe da bangon, a ɗaga ƙafa ɗaya a ƙirga 10, a canza.

Na huɗu, ɗaga kwalba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ƙaramar robar ruwa ta rabin lita rabin kilo ke nan. A riƙe ɗaya a kowane hannu, a lanƙwaso zuwa kafaɗa, a sauke.

Na biyar, jan roba. A yanko robar cikin tayar keke, a ɗaura ta a ginshiƙin rumfa mai ƙarfi, a zauna a jawo bakinta biyu zuwa ciki kamar mai jan guga. Wannan na baya ne da kafaɗa.

Kowanne a yi sau 8 zuwa 10. Wadda ba ta iya 8 ba ta fara da 4, babu laifi. A dinga ƙirgawa da baki a fili, don mai ƙirga ba ta riƙe numfashi, riƙe numfashi kuwa yana tayar da hawan jini. A yi kwana 2 ko 3 a sati, a bar kwana ɗaya tsakani, misali Asabar da Litinin da Laraba. Ranar da sau 12 ya zama wasa, a ƙara ruwa a kwalba ko a sake zagaye na biyu.

Yanzu ga inda za a yi hattara. Kafin a fara, a gaya wa majo ko likitan da ke bin mai ciwon. Wadda sukari ya taɓa mata ido, ko hawan jininta bai daidaita ba, ko take jin ciwon ƙirji, kada ta fara sai likita ya yarda. Mai gyambo a ƙafa kada ta yi na tsaye, ta yi na zaune kawai. A sa takalmi, a kuma duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, don wasu ƙafarsu ba ta jin ƙaya ko tsakuwa. Kada a yi da yunwa, kuma kada a yi da tsakar rana. Kamar awa ɗaya bayan karin kumallo cikin inuwa, ko bayan la'asar, ya fi, da ruwan sha a kusa.

Masu allurar insulin da masu shan ƙwayar glibenclamide, sukarinsu na iya faɗuwa ƙasa da gram 0,70. Alamarsa rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, yunwa mai tsanani ko ruɗewar magana. In haka ta faru a tsaya nan take, a sha ƙwayar sukari 3 cikin ruwa, a jira minti 15, in ba sauƙi a ƙara. Wadda ta suma kada a ɗura mata komai a baki, a kai ta likita da gaggawa. Ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu a farkon farawa ba komai ba ne, amma ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko suka a gaɓa, wannan na tsayawa ne. Kuma mu riƙe wannan da kyau: motsa jiki ba ya maye gurbin magani. Ba wadda za ta rage ƙwaya ko allura da kanta.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗorewa. Ka ce wa Gwaggo "ki yi don lafiyarki", kwana uku ta bari. Amma a tambaye ta abin da take so ta iya. Wata so take ta yi sallarta a tsaye, ta yi sujada ta tashi ba mai kama ta. Wata so take ta shiga bayan gida ita kaɗai, mutuncinta a rufe. Wata tana da niyyar Makka, tana tunanin ɗawafi da Safa da Marwa. Wannan burin shi za a dinga tuna mata. Sannan a nuna mata ci gabanta: ranar farko a ƙirga sau nawa ta iya tashi-zauna, a rubuta, bayan wata ɗaya a sake. Wadda ta ga 5 ta zama 9 ba sai an roƙe ta ba.

Akwai kuma kunya. Tsohuwa ba ta son surukai su gan ta tana tura bango kamar yarinya. To a yi cikin ɗaki ko bayan zana, kuma ɗiya ko surukuwa ta yi tare da ita, don mu ma masu shekara 40 rumbunmu ya fara raguwa. Baba ko maigida kuma, a bar ɗansa ko amininsa ya yi masa maganar. Ayyukan gida marasa nauyi, irin su shara, tsince wake, bai wa awaki ruwa, a bar musu abinsu. A kuma tuna tsoka tana son abinci: wake, gujiya, ƙwai, awara, kifi, nono marar sukari. Mai ciwon ƙoda ta fara tambayar likita.

A nan ne ƙungiya ke da aiki. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jahar Maradi a 1991, dubarar ɗaya ce: kaɗan-kaɗan, kowane sati, a gaban juna. Dala 20 ba kuɗi ba ce, amma mun ga abin da take zama ranar rabo. Haka tsoka take. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta ware minti 10 kafin a buɗe akwati, a yi tashi-zauna da tura bango gaba ɗaya. A haɗa masu sukari biyu-biyu, maƙwabta, su dinga leƙa juna. Sakatariya ta buɗe shafi a bayan littafi tana sa alama. Wadda ta yi fashi kada a ci ta tara, a dai je a gaishe ta a ji ko lafiya. Mun san yawan bashin da ake ɗauka a akwati don magani da jinya, kuma tsohuwar da ta faɗi ta karye a ƙugu, jinyarta na iya cinye jarin gida duka, ta tsayar da ɗiyarta daga sana'a.

A taron wannan sati, kowace ta faɗi tsoho ko tsohuwa ɗaya da za ta fara da shi. Ku aiko mana da labarin yadda ta kaya ta hannun shugabanninku. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.